Yadda ake digirin farko a Turanci, tun daga cike fom har ranar kare kundi

Tambayar da aka fi yi min tunda na gama digirina a sashen Turanci ita ce, wai me kuke karantawa ne a can har shekara uku ko huɗu, ba dai Turancin nan da kowa ke ji ba? Wasu gani suke kamar zuwa ake yi a haddace manyan kalmomi a koyi lanƙwasa harshe a dawo ana yi wa mutane burga. Wallahi abin ya wuce nan nesa ba kusa ba. Na ga waɗanda suka shigo Turanci na zuba a bakinsu kamar ruwa, kana jin su ka ce a Landan aka haife su, amma tun shekara ta biyu suka fara tara kari-oba, na kuma ga wanda ya shigo yana in-ina wajen haɗa jimla ɗaya ya fita da sakamakon da ya fi na kowa a ajinmu. Wancan ya dogara da bakinsa, wannan kuwa ya zauna ya karanta littafin da aka ce a karanta daga bango zuwa bango, ya kuma koyi yadda ake kafa hujja a rubuce. Duk abin da zan faɗa a kan wannan yake zagaye. Zan riƙa cewa "ka" saboda sauƙi, amma har da ke ƙanwata nake.

Mataki na farko: ka san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

Kafin ka cike fom ka tsaya ka gane cewa "Turanci" a jami'a ba abu ɗaya ba ne. Wata jami'ar nazarin harshen ne zalla, wato sauti da nahawu da ma'ana da tarihin harshen. Wata adabi ne zalla, waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai. Da yawa kuma sun haɗa biyun a digiri ɗaya sai ka karkata ɓangare guda a shekarun ƙarshe, akwai kuma wanda ake haɗawa da koyarwa ga mai son zama malami, da wanda ake haɗawa da aikin jarida ko rubutun ƙirƙira. Sunan da ke kan fom ba zai gaya maka komai ba, ka shiga shafin sashen a intanet ka nemo jerin darussan kowace shekara ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga rabin darussan adabi ne kai kuma ka san ba ka iya zama da littafi mai shafi 300, gara ka sani tun yanzu.

Tsawon karatun ya danganta da inda kake. A Ingila shekara 3 ne, a Amurka da Sukotland shekara 4, yawancin ƙasashen Turai shekara 3. A Amurka ma sau da yawa ba ka zaɓar fannin da za ka ƙware sai ka yi shekara ɗaya ko biyu kana ɗaukar darussa iri-iri. Kowace ƙasa da tsarinta na ɗaukar ɗalibai, amma kusan ko'ina za a nemi ka ci Turanci da kyau a jarabawar gama sakandare, kuma sassa da yawa ba sa ɗaukar wanda bai yi darasin adabi ba, to idan har yanzu kana sakandare kar ka yar da shi. Mai niyyar fita wata ƙasa yawanci sai ya zauna jarabawar gwada iya Turanci ta IELTS ko TOEFL. Abu na ƙarshe a nan, ka tabbatar hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar ta amince da kwas ɗin, don takardar da ba a amince da ita ba asarar shekaru ce.

Watannin da kake zaman jiran a ɗauke ka, kar ka ɓata su. Ka ɗauki ƙagaggen labari ɗaya ka gama shi, ka ɗauki wani. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a Project Gutenberg. Abin da kake koya wa kanka shi ne zama wuri ɗaya awa guda ido na kan takarda ba tare da hannu ya kai ga waya ba, wannan ɗabi'ar ce za ta ɗauke ka har ƙarshe.

Mataki na biyu: makonnin farko

Ka yi rajista da wuri, ka karɓi ɗan littafin dokokin sashe ka karanta shi duk da babu daɗin karantawa, a ciki za ka ga darussan dole da na zaɓi da yawan makin da ake buƙata kafin a yaye ka. Ka nemi malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ka gabatar da kanka.

Sai lissafin CGPA, wato matsakaicin makinka na duk darussan da ka yi, wanda ɗalibai da yawa ba sa fahimta sai aski ya zo gaban goshi. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani yunit 2 wani 3, ana ninka nauyin da makin da ka samu sannan a haɗa duka a raba da jimillar yunit ɗin. Wasu jami'o'in ma'auninsu 4 ne wasu 5. A mai 5, idan ka ci A a kwas mai yunit 3 ka samu 15, idan C ka ci ka samu 9, ka ga kwas mai nauyi ya fi ɗaga ka ya kuma fi kayar da kai. Inda ake tara makin tun daga shekarar farko, abin da ka zubar a semesta biyun farko da ƙyar yake dawowa, domin kullum yunit ƙaruwa suke yi, makin da ka ci daga baya sai ya narke a cikin taron. Darussan gama-gari da ake tilasta wa kowa, waɗanda ɗalibai ke rainawa, su ma suna cikin lissafin.

Mataki na uku: ɓangaren harshe

Nan ne mutane ke shan mamaki, don ya fi kama da kimiyya. Za a fara maka da ilimin furuci da tsarin sauti. Turanci haruffa 26 yake da su amma a karin Birtaniya da aka fi koyarwa sautuka 44 ake ƙirgawa, baƙaƙe 24 da wasula 20, shi ya sa rubutunsa da furucinsa ba sa tafiya tare. Za a koya maka alamomin IPA ka riƙa rubuta kalma yadda ake furta ta. Kar ka bari sai jarabawa ta matso, kullum ka ɗauki kalmomi goma ka rubuta su da alamomin sannan ka duba ƙamus ka ga inda ka kuskure, sati shida za ka ga hannunka ya faɗa.

Ba na manta ranar da malaminmu ya sa kowa ya yago 'yar takarda ya riƙe ta gaban leɓɓansa. Ya ce mu ce pin, takardar ta yi tsalle, ya ce mu ce spin, takardar ba ta motsa ba. Harafi ɗaya ne a rubuce amma a ta farko akwai iskar da ke biyo shi, a ta biyu babu. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci sannan kowa ya shiga maimaitawa, tun daga ranar na daina jin magana kamar da, kunnena ya buɗe.

Kuma a nan Hausarka jari ce, kar wani ya sa ka ji kunyarta. Mu wasula biyar ne da mu, kowane da dogo da gajere, sai tagwan wasali ai da au, to dole wasulan Turanci 20 su matse mana, shi ya sa cat da cart da cut kan zo mana kusan iri ɗaya. Sautin f namu da leɓɓa biyu da yawanmu ke yin sa, shi ya sa fan da pan ke cakuɗewa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu ko uku a jere, sai mu cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka mai da screwdriver, sunan abin kwance dunƙule, ya koma sukudireba. Mu karin sauti ne ke bambanta mana ma'ana, su kuwa nauyin da ake ɗora wa gaɓa ne, kalmar record idan ka danna gaɓar farko suna ce, idan ka danna ta biyu aikatau ce. Duk wanda ya san harshensa sosai yana da abin kwatantawa, wanda bai san kowane harshe ba sai Turanci kuwa ba shi da wannan madubin. Ni dai duk darasin da ya shige min duhu tambayar kaina nake, ya abin yake a Hausa? Sau da yawa daga nan haske ke fitowa.

Daga nan sai ginin kalma, yadda ake ɗora ɗafi gaba da baya a fitar da sabuwar kalma, sai ginin jimla inda za ka yi ta zana bishiya kana rarraba jimla reshe-reshe. Za ka ji sunan Ferdinand de Saussure wanda aka buga darussansa a 1916 bayan rasuwarsa, da Noam Chomsky da ya girgiza fannin a 1957, da Michael Halliday mai kallon nahawu ta fuskar aikin da harshe ke yi a cikin al'umma. Zanen bishiya ba a koyon sa da ido, da biro ake koya, jimla biyar kullum. Sai ilimin ma'ana, da wanda ya fi burge ni, nazarin yadda mutane ke nufin abin da ba su faɗa ba. J. L. Austin ya nuna cewa wata maganar kanta aiki ce, idan ka ce "na yi maka alkawari" ba labari ka bayar ba, alkawarin ka ɗauka a take. Paul Grice kuma ya kawo ƙa'idoji huɗu da masu hira ke bi ba tare da sun sani ba, kuma karya su da gangan shi ke haifar da habaici da zaurance irin na manya. Bahaushe da ya tashi cikin karin magana da gugar zana ba baƙo ba ne a wannan darasin ko kaɗan.

Tarihin harshen kuwa ka riƙe ginshiƙai kaɗan sauran za su rataya a kansu. Ƙabilun Jamusawa ne suka kai asalinsa tsibirin Birtaniya wajen ƙarni na 5, wannan tsohon Turancin ko Baturen yau ba ya gane shi sai an koya masa. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin mulki da shari'a na Faransanci suka kwararo ciki. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya alhali furucin dogayen wasula na ci gaba da sauyawa, wannan na cikin dalilan da rubutun ya bar furucin a baya. Samuel Johnson ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1755. Har daga Larabci sun ara, algebra da cotton duk can asalinsu yake. A ƙarshe za ka zo kan yadda harshen ya bazu duniya ta hanyar mulkin mallaka da kasuwanci, da da'irori uku na Braj Kachru da ya raba masu Turanci a cikinsu, da muhawarar ko Turancin Indiya ko na Afirka ta Yamma kuskure ne ko kuwa kari ne mai zaman kansa.

Mataki na huɗu: ɓangaren adabi

Ga inda nake roƙonka da babbar murya, ka karanta littafin da kansa. Taƙaitawar da ke intanet da handawut da bayanin wani ɗan aji duk suna da amfaninsu bayan ka karanta, amma idan suka maye gurbin littafin ka cuci kanka, kuma malamin da ya shekara ashirin yana koyar da littafi ɗaya tun sakin layi na farko yake gane wanda bai buɗe shi ba.

Yawanci za a bi da kai ta tarihi. Beowulf, doguwar waƙar tsohon Turanci mai layi sama da 3,000, sai Geoffrey Chaucer da ya rasu a 1400, sai William Shakespeare, 1564 zuwa 1616, mai wasannin kwaikwayo sama da 30 da gajerun waƙoƙi 154 kusan dukansu masu layi 14, sai mawaƙan ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, sai manyan marubutan zube na zamanin Sarauniya Victoria irin su Charles Dickens, har zuwa na ƙarni na 20. Sai adabin Amurka, da na Karebiyan, da na Afirka. A nan za ka haɗu da Things Fall Apart na Chinua Achebe da ya fito a 1958, wanda ya ɗauko sunansa daga wata waƙar W. B. Yeats, da Wole Soyinka da ya ci kyautar Nobel a 1986, da Ngugi wa Thiong'o na Kenya da ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da Gikuyu. Tun taron marubuta da aka yi a Makerere a 1962 ake ta gardama kan ko adabin Afirka zai yiwu da harshen wanda ya mallake ta, Achebe ya ce zai lanƙwasa Turancin ya ɗauki kayansa, Ngugi ya ce a koma harsunan gida. Wannan gardamar taka ce kai ma, ka shige ta da ra'ayinka amma da hujja.

Yadda nake karanta littafi, kuma shi nake ba kowa shawara. Karatu biyu ake yi. Na farko ka bi labarin kawai, kar ka tsaya duba kowace kalma a ƙamus, ka ja layi ƙarƙashinta da fensir ka wuce. Na biyu shi ne na aiki, da littafin rubutu a gefe, kana rubuta lambar shafi da abin da ka lura da shi, wa ke ba da labarin, me ya sa marubucin ya fara daga nan, wace kalma ko wane hoto ke ta dawowa, ina tauraron ya sauya. Kowane littafi ka ware masa shafi biyu ko uku, jigo, salo, zubi da tsari, taurari, da gajerun maganganu biyar ko shida da ka kwafo daidai da lambar shafinsu. Ranar jarabawa waɗannan shafukan sun fi maka duk wani handawut.

Wasan kwaikwayo don a gani aka rubuta shi, to ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba taurari ku karanta da ƙarfi, Shakespeare da ke ba ka ciwon kai a zuci sai ka ji ya warware idan ya fito daga baki. Ka nemi bugun da ke da bayani a ƙasan shafi. Waƙa ma da murya ake karanta ta, sau uku aƙalla kafin ka ce za ka fassara ta. Wanda ya san rubutacciyar waƙar Hausa ya san awonta a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake, to na Turanci a kan dannawa yake, fitaccen awonsu gaɓa goma ne a layi, ɗaya sassauƙa ɗaya dannanna har sau biyar. Ka riƙa buga yatsa a tebur kana karantawa za ka ji shi.

Wajen shekara ta biyu ko ta uku za a kawo mazhabobin tarke, wato hanyoyin nazarin adabi, masu kallon rubutu ta fuskar tsarinsa kawai, da masu bin Markisanci, da masu kallon matsayin mata, da masu nazarin bayan mulkin mallaka irin su Edward Said da littafinsa na 1978. Harshensu na da nauyi, kar ka tsorata. Ka ɗauki kowace mazhaba a matsayin tambaya ɗaya da ake yi wa littafi, wa ke da dukiya a labarin nan, wa aka hana magana, wa aka zana a matsayin baƙo. Ka gwada tambayoyin a kan gajeren labari guda ɗaya da ka sani sosai, a nan za ka gane su, ba a haddar sunaye ba.

Mataki na biyar: koyon rubuta maƙala

Maƙalata ta farko na zuba duk manyan kalmomin da na sani, shafi huɗu, ina jiran yabo. Da ta dawo, malamar ta ja jan biro gefen kusan kowane sakin layi da tambaya iri ɗaya, ina hujjarka, a wane shafi? A ƙasa ta rubuta cewa na ba ta labarin littafin ne alhali ta riga ta karanta shi, abin da take so shi ne in gaya mata abin da na gani a ciki. Na ji zafi ranar, amma har yau ban samu darasin da ya kai wannan ba.

Ga yadda ake yi. Ka karanta tambayar sau biyu ka ja layi a kan aikatau ɗin, tattauna daban, kwatanta daban, yi sharhi daban. Sannan ka rubuta amsarka a jimla ɗaya tak, jimlar da wani zai iya musantawa. "Littafin yana magana kan mulkin mallaka" ba matsaya ba ce, kowa ya sani. "Rushewar tauraron ta fara daga tsoron da ke cikinsa tun kafin baƙi su iso" matsaya ce, don wani zai iya cewa a'a, kai kuma sai ka kare ta. Kowane sakin layi ya ɗauki batu ɗaya, ka faɗi batun, ka kawo gajeriyar magana daga littafin, sannan ka tsaya a kanta ka nuna yadda kalmomin suka yi aikin da ka ce sun yi, wannan tsayawar ita ce inda maki yake kuma ita ɗalibai ke tsallakewa. Gajeriyar jimla mai tsabta ta fi doguwa mai ƙyalli. Idan ka gama ka ajiye ta kwana ɗaya, ka dawo ka karanta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya sarƙe akwai gyara a wurin.

Ka koyi tsarin madogara, wato yadda ake ambaton inda ka ɗauko magana, tun shekarar farko, ɓangaren adabi sun fi amfani da MLA, ɓangaren harshe sau da yawa APA, ka tambayi wanda sashenku ke bi. Manhajar Zotero kyauta ce tana tara maka manazarta, Google Scholar da JSTOR kuma nan ake samun maƙalun masana, ka tambayi ma'aikatan laburare ko jami'arku na da rajista. Satar fasaha kuwa kar ka kusance ta, ɗaukar maganar wani ko ra'ayinsa ba tare da ambaton sa ba laifi ne da kan kai ga faɗuwa kwas ko kora, jami'o'i da yawa na bincikawa da Turnitin. Manhajojin nan irin ChatGPT su ma ka yi hattara, sukan ƙirƙiro sunan littafi da shafin da babu su a duniya, ban da haka ma idan na'ura ta rubuta maka to ainihin abin da ka zo koya ne ka ba ta ta koya a madadinka. Ka san dokar jami'arku a kansu.

Mataki na shida: jarabawa

Ka tara tsofaffin tambayoyi na shekara uku ko huɗu, ka zauna da agogo ka amsa ɗaya cikin mintin da za a ba ka. A zauren, ka raba lokacin daidai da yawan tambayoyin, minti biyar na farkon kowace ka tsara amsar a gefe. Amsa uku matsakaita sun fi biyu masu kyau da ɗaya da ba a taɓa ba. Kar ka raina tes da asamen na tsakiyar semesta, kaso ne mai kauri na makin. Idan kuma ka faɗi kwas, ka je ka ga malamin ka ji inda matsalar take ka sake shi a karon farko da ya samu, kar ka tura shi shekarar ƙarshe ya haɗu da kundi.

Mataki na bakwai: kundin kammalawa

Tun shekarar da ta gabaci ta ƙarshe ka buɗe shafi kana rubuta duk abin da ya tsaya maka a rai a lakca, daga nan taken kundi ke fitowa. Kuskuren kowa shi ne ɗauko take mai faɗin teku, "matsayin mata a adabin Afirka" aikin rayuwa ne, ka matse shi ya koma littafi ɗaya ko biyu da tambaya ɗaya. A ɓangaren harshe ma haka, maimakon "matsalolin furucin Turanci" ka ɗauki sautuka biyu ko uku da rukunin mutane ƙayyadadde ka naɗi muryarsu da izininsu ka nazarta, ko ka ɗauki yadda masu harshe biyu ke sirka Turanci da harshensu a hira, ko salon kanun labarai na jarida ɗaya cikin wata uku. Kafin ka kai wa sufabaiza, ka tabbatar littattafan da bayanan suna hannunka ko za ka iya kai wa gare su.

Yawanci babi huɗu ko biyar ne, gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, ra'i da hanyar bincike, nazarin kansa, sai kammalawa. Bitar ba jera sunaye ba ce wane ya ce wane ya ce, nunawa ake yi ina masana suka haɗu, ina suka saɓa, wane gurbi suka bari wanda kai za ka shiga. Babin nazari shi ne naka na kanka, shi ya kamata ya fi ƙarfi, amma sai ka ga ɗalibi ya ƙarar da watanni a babi na biyu ya rubuta na huɗu cikin sati ɗaya. Ka juya abin. Gabatarwa ma gara ka sake rubuta ta a ƙarshe bayan ka san abin da ka gano.

Sufabaiza mutum ne mai ɗalibai da yawa, ka je masa da rubutu a hannu da tambayoyi a rubuce, ka yi gyaran da ya ce kafin ka koma, idan ba ka yarda da wani gyara ba ka faɗa cikin ladabi da dalilinka. Ka ajiye aikinka wuri uku, kwamfuta da filashi da imel ɗinka, wata 'yar ajinmu kwamfutarta ta mutu saura sati uku a miƙa kundi, babi uku suka tafi, tana kuka muna tattaro mata tsofaffin shafukan da sufabaiza ya yi wa gyara ta sake bugawa daga farko. Inda ake kare kundi a gaban malamai, ka shirya bayanin minti biyar, me ka tambaya, ta yaya ka bincika, me ka samu, ka yi shi gaban abokai sau biyu ko uku su yi maka tambayoyi masu zafi. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka duba wannan ɓangaren ba, ya fi kame-kame.

Mataki na takwas: kafin ka bar harabar

Masu wannan digiri na shiga koyarwa, jarida, rediyo da talabijin, gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i, fassara da tafinta, hulɗa da jama'a, wasu su wuce digiri na biyu. Amma mai ɗaukar aiki abin da ka taɓa yi zai tambaya, to tun kana shekara ta biyu ka shiga mujallar ɗalibai ko ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo, ka riƙa fassara gajerun rubuce-rubuce tsakanin Hausa da Turanci kana ajiyewa, ka koyar da yara lokacin hutu, ka iya buga rubutu da sauri a kwamfuta. Mai son koyar da Turanci ga baƙin harshen akwai takardun ƙwarewa irin CELTA ta Cambridge da ake ƙarawa a kan digirin.

Semestar ƙarshe ka zauna da malamin ajinku ku bi sakamakonka kwas-kwas tun daga shekarar farko, don wani lokacin maki kan ɓace a rubuce ko a ga wani kwas na dole da ba ka yi rajistarsa ba, gyaransa kana ciki ya fi sauƙi nesa da bayan ka tafi. Ka duba yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka su dace da sauran takardunka. Ka mayar da littattafan laburare, ka nemi malamai biyu da suka san aikinka sosai ka roƙe su su zama masu rubuta maka takardar shaida idan buƙata ta taso, ka karɓi imel ɗinsu. Sannan ka nemi cikakken sakamakonka na duk shekarun ka ɗauki hotonsa ka ajiye tare da kwafin kundinka da maƙalu biyu ko uku da ka fi alfahari da su, don masu ba da gurbin digiri na biyu da masu ɗaukar aikin rubutu sukan ce ka turo samfurin abin da ka rubuta.